Zaman Natsuwa: Yadda Ake Yinsa, da Abin da Masu Bincike Suka Gano a Kansa

A shekarar 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta wayar salula a lokutan da ba su zata ba: me kake yi yanzu, ina hankalinka yake, yaya kake ji a ranka? Da aka tattara amsoshin sai aka ga a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, gangar jiki tana wuri ɗaya, hankali yana wani wurin. A irin waɗannan lokuta kuma mutane sun fi bayyana rashin walwala, ko da aikin da ke gabansu ba mai daɗi ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin salla ya rasa ko a raka'a ta uku yake ko ta huɗu ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Zaman natsuwa shi ne mutum ya ware 'yan mintuna ya zauna shiru, ya ɗora hankalinsa a kan abu guda, galibi numfashinsa, duk lokacin da hankalin ya sulale ya komo da shi. Irin wanda ake koyarwa a asibitocin Turai da Amurka daga addinan Buda da Hindu na ƙasashen Asiya ya samo asali. Likitan zuciya Herbert Benson na Harvard yana cikin waɗanda suka fara auna shi da na'ura tun ƙarshen shekarun 1960, ya ga bugun zuciya da numfashi da yawan iskar da jiki ke amfani da ita duk suna sauka yayin zaman. A 1979 kuma Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts, ya cire wa zaman aƙida da ibada, ya mai da shi darasi na mako 8 ga marasa lafiyar da ciwo ya ƙi barinsu duk da magani. Sunan shirin MBSR, kuma shi aka fi gwadawa. A kansa na gina matakan da ke tafe, sai dai na rage tsawon zaman saboda mai farawa shi kaɗai a gida.

Na san jin sunan waɗancan addinai zai sa wani ya ja baya, kuma yana da dalili. Abin da aka gwada a asibiti ba shi da sujada ga kowa, ba shi da kiran wani abin bauta, lura da numfashi da jiki ne kawai. Amma akwai nau'o'in da ake miƙa wa mutum wata kalma ta addinin Hindu ko Buda a ce ya yi ta maimaitawa. Wanda aka ba kalmar da bai san ma'anarta ba, ya bar ta. Benson da kansa yakan ce wa marasa lafiyarsa su zaɓi kalma ko addu'a daga addininsu. Zikiri da wuridi da tafakkuri kuwa ibada ne, don Allah ake yinsu, kuma ba na so a mai da su maganin hawan jini. Kowanne da muhallinsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya kai wa malaminsa bayanin yadda zaman yake, ya ji daga bakinsa.

Da farko, san abin da za ka samu

Na sa wannan a gaba ne saboda masu tallata zaman a intanet sun cika baki, kuma wanda ya shiga da dogon buri shi ne yake fara watsarwa.

A 2014 wata tawaga ta Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Dokta Madhav Goyal ta tace rahotanni sama da 18,000, ta tsaya a kan gwaje-gwaje 47 da aka yi bisa ƙa'ida, waɗanda suka ƙunshi mutum 3,515. Hukuncinsu shi ne zaman yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo, ragi ɗan kaɗan zuwa na tsaka-tsaki. Ba su ga hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba.

Bayan nan an yi manyan gwaje-gwaje da suka ƙara masa ƙarfi. A Ingila a 2015 an raba mutum 424 da ciwon damuwa ya taɓa kayarwa sau 3 ko fiye gida biyu. Wasu suka ci gaba da shan maganinsu, wasu aka koya musu zaman a rukuni, likita yana rage musu maganin sannu a hankali. Cikin shekara 2 ciwon ya dawo wa kashi 47 cikin 100 na masu magani, da kashi 44 na masu zaman, kusan kunnen doki ke nan. A 2022 Dokta Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta gwama MBSR da maganin escitalopram a kan mutum 276 masu ciwon fargaba. Bayan mako 8 sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne, kuma masu shan ƙwayar sun fi kokawa da tashin zuciya da ciwon kai. Sai dai a riƙe wannan: waɗancan mutanen suna zuwa aji na awa 2 da rabi duk mako a gaban ƙwararren malami, an kuma ɗora musu minti 45 a gida kullum.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai zaman yana ƙara wa ƙwaƙwalwa girma. Tushenta ɗakin binciken Sara Lazar ne a birnin Boston. A 2005 sun ga wasu sassan saman ƙwaƙwalwa sun fi kauri a wajen mutum 20 da suka daɗe suna zaman, a 2011 kuma suka ba da rahoton canji a sashen da ke ajiye abin da aka koya, bayan mako 8 kacal, a kan mutum 16. Mutum 16 sun yi kaɗan a gina babbar magana a kansu. A 2022 ɗakin binciken Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya sake gwadawa da mutum 218, bai ga wani canji a siffar ƙwaƙwalwa ba. Davidson kuwa masoyin zaman ne, shi ne ma a 2004 shi da abokan aikinsa suka sa wa wasu masu zuhudu 'yan addinin Buda na Tibet wayoyin awo a ka, suka ga ƙwaƙwalwarsu tana fitar da wata kaɗawar lantarki mai ƙarfi da ba a saba gani ba. Amma mutum 8 ne, kowannensu ya yi tsakanin awa 10,000 zuwa 50,000 yana zaman. Ina ganin girman mai binciken da zai wallafa sakamakon da ya saɓa wa abin da yake fata. Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne canji a yadda ƙwaƙwalwa take aiki, kuma zan kawo shi a inda ya shafi aikin.

Game da hawan jini, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a 2017 zaman yana iya taimakawa, ana iya ƙara shi a kan magani da gyaran abinci da motsa jiki. Ba ta ce ya maye gurbinsu ba. Don Allah kada wani ya ajiye ƙwayar hawan jininsa, ko ta suga, ko ta damuwa, saboda ya fara wannan zama.

Mataki na farko: duba ko ya dace da kai a yanzu

Ba kowa zaman yake karɓa ba. A 2020 Miguel Farias na Jami'ar Coventry da abokan aikinsa sun tattara bincike 83, suka ga kusan mutum 8 cikin 100 sun gamu da wata matsala, galibi ƙarin fargaba ko ƙuncin rai. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tana sauraron irin waɗannan mutane. Wasu sun daina jin jikinsu nasu ne, wasu barci ya ƙaurace musu, wasu tsohon tashin hankali ya dawo musu sabo.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna game da mutanenmu. Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga, ko ya kwana a hannun masu garkuwa, ko aka kashe nasa a gabansa, idan ka ce ya rufe ido ya yi shiru, abin da ya gani ne zai fara tarar da shi. Irin wannan bawan Allah, da wanda ya taɓa samun taɓin hankali, da mai jin muryoyi, da wanda damuwa ta kai shi ga tunanin halaka kansa, kada su fara su kaɗai. Su fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa, a asibiti irin na Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko asibitin koyarwa mafi kusa da su. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kada kuma ka tilasta wa kowa, ko da ɗanka ne. A Birtaniya an koyar da zaman ga ɗalibai sama da 8,000 a makarantu fiye da 80, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darasin da aka saba yi musu amfani ba. Yawancin yaran ba sa yi a gida. Wanda bai so ba, ba ya amfana.

Mataki na biyu: tsayar da lokaci da wuri

Minti 10 a rana, tsawon mako 8. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar New York a 2019 ya sa sababbin shiga yin minti 13 kullum. A mako na 4 ba a ga bambanci tsakaninsu da abokan gwaminsu ba, sai a mako na 8 aka ga hankalinsu ya fi tattaruwa, riƙe abu a ka ya inganta, fargaba ta ragu. Saboda haka kada ka yanke wa abin hukunci a mako na biyu.

Ka liƙa zaman da wani abin da ba ka fashinsa. Bayan azkar ɗin Asuba kafin gida ya tashi ya fi wa yawancin mutane. Ɗan kasuwa yana iya yi bayan ya share shago kafin masu ciniki su fara zuwa, uwa mai goyo kuma lokacin da yaro ya yi barcin hantsi. Bayan tuwon dare barci ne kawai zai ɗauke ka. Kada ka jira sai ka sami wurin da babu motsi, domin janaretan maƙwabta da kukan zakara da hayaniyar yara ba za su daina ba, kuma zaman ba ya buƙatar su daina. Idan sauro ya dame ka, shiga gidan sauro ka zauna. Saita ƙararrawar waya, ka kashe data, ka kife ta nesa da hannunka.

Ranar da ka tsallake, ka ci gaba washegari ba tare da ramuwa ba. Phillippa Lally ta Landan ta bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, ta ga matsakaicin lokacin da abu ke zama jiki kwana 66 ne, kuma fashin kwana ɗaya bai ɓata komai ba.

Mataki na uku: zauna

A kan tabarma ko darduma, ƙafafu a harɗe, da ɗan matashi a ƙarƙashinka don gwiwoyi su sauka ƙasa da ƙugu. Mai ciwon gwiwa ya hau kujera, tafin ƙafa a ƙasa. Baya a miƙe ba tare da sandarewa ba, kafaɗu a sake, hannuwa a kan cinya. Ido a rufe, ko a buɗe kaɗan yana kallon ƙasa. Wanda rufe ido yake tsorata shi ya bar shi a buɗe har abada, ba a rage masa komai ba.

Mataki na huɗu: sassauta numfashi na minti 2

Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4 a zuci, ka sake ta a hankali kana ƙirga 6. Kowane numfashi sakan 10 ke nan, wato 6 a minti ɗaya. Yi sau 12. Gaɓoɓin yatsunka huɗu guda 12 ne, bi su da babban yatsa ba sai ka riƙe lissafi a ka ba.

Dalilin tsawaita fitar da iska a jiki yake. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, ta ratsa wuya ta isa zuciya da huhu da hanji, aikinta rage wa zuciya gudu. Tana ƙara aiki a lokacin da kake sakin numfashi, shi ya sa bugun zuciya yake ɗan sauka duk sanda ka fitar da iska. A 2001 Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia a Italiya ya auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbin Katolika da harshen Latin, da kuma wata kalmar da masu yoga, wato horon jiki da numfashi na Indiya, suke maimaitawa. Duka biyun sun saukar da numfashi zuwa kusan 6 a minti ba tare da an ce wa kowa ya sassauta ba, kuma tsarin da ke daidaita bugun zuciya da ƙarfin jini ya ƙara kaifi. Karatu mai tsari da ake yi a natse yana jan numfashi da kansa.

Idan ka ji jiri ko yatsu suna tsira-tsira, iskar da kake ja ta yi yawa, rage zurfinta. Mai asma ko ciwon huhu kada ya matsa wa kansa da ƙirga.

Mataki na biyar: ɗora hankali, ka yi ta komo da shi

Nan aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yi wa kansu mummunar fahimta.

Saki ƙirgar, ka bar numfashi ya koma yadda yake so. Nemi inda ka fi jinsa: bakin hanci, ko ƙirji, ko ciki yana tashi yana sauka. Zaɓi wuri ɗaya ka tsaya a kansa. Ji za ka yi, sanyin iska tana shiga, ɗuminta tana fita, ɗan tsaikon da ke tsakani.

Ba za a jima ba hankali zai tafi. Kuɗin makarantar yara, bashin da ake binka, maganar da wani ya yaɓa maka jiya, cefanen gobe. Can sai ka farga ka daɗe ba ka tare da numfashin. Mutane da yawa a nan suke cewa ba su iya ba, domin sun ɗauka ana so ne kai ya zama fayau babu tunani. Ba haka ake so ba. A 2012 Wendy Hasenkamp ta Jami'ar Emory ta sa mutum 14 da suka saba da zaman cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta ba su maɓalli su danna duk sanda suka farga hankalinsu ya tafi. Sun riƙa dannawa kusan duk bayan sakan 80, su da suka goge. Hotunan sun nuna zagaye mai gaɓa huɗu: hankali ya tafi, mutum ya farga, ya janyo shi, ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan a sake. Kowace gaɓa da sassan ƙwaƙwalwar da ke tashi a cikinta. Fargawar nan da janyowar su ne horon. Zaman da ka komo da hankalinka sau 30 a cikinsa ya yi aiki sau 30.

Numfashi turke ne, hankali kuwa ɗan akuya. Ba a ɗaure shi don ya daina motsi, ana ɗaure shi ne don duk zagayen da ya yi igiya ta komo da shi.

Inda hankalin yake zuwa ma an san shi. A 2001 Marcus Raichle na birnin St. Louis ya bayyana wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke tashi tare a duk lokacin da mutum ba ya wani aiki, su ne masu tuno abin da ya wuce, da kitsa abin da zai zo, da tunanin ni da abin da aka yi mini. Suna da amfani, da su ake tsara rayuwa. Amma a wajen mai ciwon damuwa sukan maƙale a saƙa da warwara, magana ɗaya ta yi ta juyawa har asuba. A 2011 Judson Brewer na Jami'ar Yale ya ga waɗannan sassan sun fi lafawa a ƙwaƙwalwar gogaggun masu zaman. A ganina wannan ne ribar da ta fi kowace: mutum ya koyi gane cewa ya faɗa saƙar zuci tun tana minti ɗaya, kafin ta cinye masa dare.

Ga yadda za ka komo. Da ka farga, ambaci sunan abin da ya ɗauke ka da kalma ɗaya a zuci: tunani, ko damuwa, ko fushi, ko shiri. Sai ka koma kan numfashi. Matthew Lieberman na Jami'ar California a Los Angeles ya nuna a 2007 cewa idan mutane suna kallon hoton fuska mai fushi ko tsoro suka ambaci sunan yanayin, sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da firgici yana lafawa, sashen gaban goshi mai tsawatarwa yana tashi. Kada ka tsaya bin diddigin tunanin, kada kuma ka yi wa kanka faɗa. Faɗan shi ma wani tunani ne da zai ƙara nisanta ka.

Abubuwan da za su tare ka sanannu ne. Idan gyangyaɗi ne, buɗe ido, miƙe baya, ko ka ƙarasa a tsaye, idan kuma kullum ne to bashin barci ne a kanka, ka biya shi. Idan ƙaiƙayi ne, jira numfashi 3 kana lura da shi, in bai tafi ba ka sosa ka dawo. Ƙara ta waje, ka ji ta ka ce ƙara, ka koma. Wani lokaci hawaye yakan zo ba dalili bayyananne, musamman ga wanda ya daɗe yana danne abu, wannan ba laifi. Amma idan zuciya ta hau dukan uku-uku, ko wani mummunan abin da ya faru ya dawo maka ƙarara, buɗe ido nan take, taka ƙasa da ƙarfi, ambaci abubuwa 5 da kake gani a ɗakin, ka tashi. Idan ya maimaitu, dakatar da zaman ka koma mataki na farko.

Mataki na shida: daga mako na 3, ƙara bin jiki

Kwana biyu ko uku a mako, musanya zaman numfashi da wannan. Kwanta rigingine ko ka zauna, ka kai hankali yatsun ƙafar hagu. Me ake ji a can? Ɗumi, sanyi, nauyi, tsami, ko ba komai. Bayan numfashi 2 ko 3 ka matsa tafin ƙafa, ƙwauri, gwiwa, cinya, ka yi wa ta dama haka, sannan ciki, baya, ƙirji, hannuwa, wuya, muƙamuƙi, goshi. Minti 15 ya isa. Da yawa a nan suke gano sun yini da haƙora a cije ko kafaɗu a ɗage ba su sani ba.

Wannan matakin ya fi shafar masu ciwo mai daɗewa. Fadel Zeidan, a Jami'ar Wake Forest a 2011, ya koya wa mutum 15 zaman minti 20 na kwana 4, sannan aka ɗora musu ƙarfe mai zafin digiri 49 a ƙafa. Yayin zaman sun ce ƙarfin zafin ya ragu da kashi 40 cikin 100, damuwar da yake sa su kuma ta ragu da kashi 57. Lura da tazarar lambobin nan biyu. Ciwo yana da ɓangaren da jijiya ke kawowa, yana da ɓangaren tsoro da ƙunci da mutum ke ɗorawa a kai, kuma na biyun ne zaman ya fi taɓawa. Gwajin ƙarami ne, amma wani babba ya biyo baya a 2016 a birnin Seattle, a kan mutum 342 masu ciwon baya. Bayan mako 26, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka yi MBSR sun sami sauƙin gudanar da harkokinsu, a masu kulawar da aka saba kuwa kashi 44.

Idan ka iso wurin da ke ciwo, kada ka afka tsakiyarsa. Tsaya a gefensa, ka duba ina ya fara, ina ya ƙare, suka ne ko zugi, tsaye yake ko yana hawa da sauka. In ya yi yawa ka koma kan numfashi. Wannan na ciwon da likita ya riga ya duba ne. Sabon ciwo, ko ciwon ƙirji, ko wanda ya zo da zazzaɓi ko rama, asibiti ake kai shi.

Mai fama da rashin barci yana iya yin bin jikin a kan gado. An gwada zaman a kan dattawa 49 a Los Angeles a 2015, barcinsu ya fi na waɗanda aka yi wa darasin ƙa'idojin barci kawai inganta.

Mataki na bakwai: fito da shi cikin yini

Masanan da suka tsara zaman don masu ciwon damuwa, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, sun saka wani gajere na minti 3. Minti na farko ka tambayi kanka me ke cikin kaina, me nake ji a rai, me nake ji a jiki. Na biyu ka tattara hankali kan numfashi. Na uku ka faɗaɗa shi ya game jiki duka. Yi shi a layin banki, ko cikin cunkoson motoci idan ba kai ke tuƙi ba, ko kafin ka mayar da martanin saƙon da ya ɓata maka rai a WhatsApp. Tun a islamiyya an koya mana cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna, kuma wanda ya saba jin zafin ƙirji da ɗaurewar muƙamuƙi tun suna farawa shi ne zai tuna ya zauna kafin baki ya riga shi.

Zaɓi kuma aiki ɗaya na kullum ka yi shi da hankalinka duka: wanke-wanke, shan shayi, ko tafiya daga gida zuwa bakin titi ba tare da waya a hannu ba.

Mataki na takwas: rubuta, ka yanke hukunci a mako na 8

Sami ɗan littafi. Kowace rana ka rubuta minti nawa ka yi. Kowace Juma'a ka ba abubuwa uku maki daga 0 zuwa 10: barci, fargaba ko ƙuncin rai, da ciwo idan akwai. Ka fara tun kafin zaman farko, domin in ba ka san inda ka taso ba ba za ka gane ko ka matsa ba. Mai hawan jini ya riƙa awo sau ɗaya a mako a kemis ko asibiti, da na'ura ɗaya, a lokaci ɗaya, bayan ya zauna minti 5. Tambayi wanda kuke kwana gida ɗaya ma, domin sau da yawa mata ko miji ne ke fara lura an rage saurin hasala.

Idan makin ya nuna abin yana ƙara maka nauyi, ka daina, ka nemi likita. Idan ka yi yawancin kwanakin amma ba abin da ya motsa, ba kai kaɗai ba ne, a kowane gwajin da na ambata akwai waɗanda bai yi wa aiki ba. Koma ga tafiyar ƙafa da sauri, minti 30 kwana 5 a mako, hujjarta a kan damuwa da hawan jini ba ta gaza ta zaman ba. Idan kuwa ka ga sauƙi, ƙara minti 5 duk mako biyu har ka kai minti 20 zuwa 30, ka riƙe littafin, ka tafi da shi ranar ganin likitanka. Shi zai duba awon ya faɗa ko akwai abin da za a taɓa a maganinka.